Ranar da Inna Taiba Ta Ci Shawarma

Inna Taiba ta juya shawarmar a hannunta, ta leƙa ta wannan baki, ta leƙa ta wancan, sannan ta ɗago ido daga kan katifar da take kishingiɗe.

"Wanga shi na abin da yak kwashe man mutane?"

Zakiyya ta sunkuyar da kai ta ce shi ne. Tun da safe tsohuwar ta aika mata cewa yau abin nan da ake naɗewa take marmari, alhali kwana huɗu ke nan ko koko da ƙyar yake wuce mata.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Talata Mafara. Shekara talatin Inna Taiba tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe a rumfarta da ke bakin titin Gusau zuwa Sakkwato. Direbobi su tsaya, su ci, su yi ta hira har miya ta bushe musu a hannu. A rumfar nan Zakiyya ta koyi girki, lokacin da aka kawo ta unguwar tana amarya ko miyar kuka ba ta iya kaɗawa ba. Da aikin mijinta ya tsaya, sai ta fara soyayyiyar shinkafa da shawarma daga gida. Tana ɗora hotuna a waya, 'yan kabu-kabu suna kai wa ma'aikata har ofis a robar tekawe. Kafin shekara biyu matasan direbobi sun daina zama cin tuwo. Tun daga Bakura suke kiranta, su karɓa ta tagar mota, su ci a hanya. Inna kuwa ta ce tuwonta ba ya shiga roba. Tukunya uku ta koma ɗaya, ɗayar ma wani lokaci sai an raba wa maƙwabta. Zakiyya ta koma bin lungun baya don kada ta wuce ta gaban rumfar, amma duk wata sai Inna ta miƙo mata daddawa ta saman katanga.

Tsohuwar ta gatsa kaɗan, ta daɗe tana taunawa. Ta tambaya ko mantawa aka yi ba a dafa kabejin ba. Da aka ce mata ɗanye ake sa shi, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Zakiyya ta tallafo ta, ta ba ta ruwa, sai kawai ta ji hawaye ya zubo mata.

"Inna, ki yafe mani."

"In yahe maki mi?"

Inna ta ba ta labarin cewa lokacin da ita ta kafa rumfa, abin kunya ne magidanci ya ci abinci a waje. Matan unguwa sun yi wata uku ba sa amsa gaisuwarta, wai ta raba mazansu da tukunyar gida. Ta share wa Zakiyya fuska da bakin zanenta.

"Ni ma na kwashe ma wasu, ɗiyata. Ki dai ƙara yaji. Kuma wanda yaz zo karɓa, ki tambaye shi mutanen gida kahin ki miƙa mai leda."

Gatsa biyu ta yi, ta ce a ajiye mata sauran.

Ranar Talata bayan azahar, kasuwa na tsakar ci, Allah ya yi mata rasuwa. Zakiyya ta kashe wayarta, ta shiga madafar Inna, ita ta riƙa tuƙa tuwon masu zaman makoki.

Rana ta uku tsofaffin direbobi suka zo gaisuwa su biyar, har da Malam Hayatu mai jigilar Maradun, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu yana cin abincin rana a rumfar. An yi musu shimfiɗa a ƙofar gida, amma suka ce a bar su a rumfa. Suka jeru a kan benci, kowa a inda ya saba zama, aka yi addu'a aka shafa.

Zakiyya na tsaye a bakin zaure ta ga Malam Hayatu ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya jawo buta. Ya naɗe hannun rigarsa, ya wanke hannun dama tas har wuyan hannu, ya juya wajen murhu. Sai ya tsaya. Babu wuta a murhun. Ya daɗe zaune da hannun a buɗe a kan gwiwarsa, ruwa na ɗiga daga yatsunsa zuwa ƙasa.