Sabon Ɗan Haya a Gidan Inna

Tun da Auta ya karya wa Inna wuyan hannu bara, a kan makullin motar marigayi babansu, Injiniya ya yanke shawara irin ta masu ilimi. Bai koma garin da zama ba, bai kuma ɗauko ta ba. Ya kori ƙanen nasa daga gidan, ya canza kwaɗo, sannan ya sayo wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanka ba, ya haɗa mata kyamara, ya kafa ta a saman kabad tana kallon kujerar Inna da ƙofar falo. Daga ofishinsa, tafiyar wuni guda a mota, yakan leƙa ya ga tana nan. Duk lokacin da ya leƙa, wata 'yar jar fitila takan kama a jikin kyamarar. Inna ta raɗa mata suna Idon Babba, don Babba take kiran Injiniya. Game da hannun kuwa, har yau cewa take yi santsi ne ya kwashe ta a banɗaki.

Da safen nan ya karanta cewa manhajar da ke roƙar wa 'yar kwamfutar adireshi ta tsufa, masu ita sun daina kula da ita, an fito da sabuwa. Injiniya mutum ne da ba ya iya zama da tsohon abu, ko da yana aiki. Musamman ma in yana aiki.

"Me kuma za ka lalata yau?" in ji Akanta, wadda teburinta ke manne da nasa.

"Gyara zan yi. Kin ga akwatin intanet na gida? Kamar mai gidan haya yake. Duk na'urar da ta shigo sai ta yi sallama, ya ba ta ɗaki mai lamba, wato adireshi, na ɗan lokaci. Wannan manhajar ita ce mai yin sallamar. Zan sallami tsohuwa, in ɗauki sabuwa."

"Daga nan?"

"Daga nan."

"Kana tsaye a kan tsani kana kwance ƙusoshinsa. Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Tsohuwar manhajar ta tafi cikin mutunci. Da ya tsayar da ita, sai ta mayar wa akwatin da ɗakinta, kamar yadda aka koya mata. Sabuwar ya kamata ta tashi nan take ta yi tata sallamar. Sai da allon ya daskare, kujerar Inna ta tsaya cak da ita a kai tana tsintar wake, sannan ya tuna bai gaya wa sabuwar ta wace ƙofa za ta yi magana ba. Layi ɗaya ne tak. Yanzu kuwa wurin rubuta layin yana saman kabad, a wani gari.

Ya ƙwanƙwasa tsohon adireshin. Shiru. Ya buɗe shafin akwatin, wanda har yanzu yake iya kaiwa gare shi: babu kowa a gidan hayar. Wayar Inna mai madannai ce, ba ta san intanet ba, intanet ma bai san ta ba.

Ya ɗauki waya zai kira ta, ya ajiye. Me zai ce? Ta hau kujera da hannu ɗaya da rabi ta rubuta masa layi? Ranar hutu zai je. Kwana kaɗan ne. Ai mutane sun yi ta rayuwa da iyayensu mata tun kafin a ƙirƙiro kyamara, ko da yake yawancinsu a gida ɗaya suke kwana.

Ya ci abincin rana bai san me ya ci ba. Da ya dawo ya sake ƙwanƙwasawa, don kawai hannunsa ya saba, sai adireshin ya amsa.

"Ta dawo," ya ce, yana sauke numfashi.

"To ina hoton?" in ji Akanta.

Babu hoto. Ya sake gwadawa. Abin da ke can yana amsa sallama, amma ba ya buɗe ƙofa. Ya koma shafin akwatin. Ɗakin da tsohuwar manhajar ta bari an ba wani, domin akwatin ba ya tambayar asali ko hali. Wanda duk ya zo da kalmar sirri, ɗan gida ne. Kwaɗo Injiniya ya canza bara. Kalmar sirrin tana nan yadda take.

Waya ce, ba kwamfuta ba. A gefen lambar ga sunan da mai ita ya sa mata: Autan Inna.

Akanta ta leƙo, ta karanta, ta koma kujerarta.

Ya kira Inna. Sai da wayarta ta yi ta ringin kafin ta ɗauka.

"Babba, lafiya da rana tsaka?"

"Inna, ke da wa ye a gidan?"

"Ni da wa zan kasance?" Muryarta a daidaice take, daidaituwar da ya sani, irin ta ranar asibiti. "Idonka ne na ga ya mutu tun safe. Na ce ko ka gaji da kallon tsohuwa."

"Ke kika kira shi?"

Yana jin ƙarar cokali a kan faranti, a hankali, ba gaggawa.

"Ya rame, Babba. Abinci kawai zai ci ya tafi."

"Inna, ki tashi ki fita. Ki shiga wajen maƙwabta, ki ce gishiri kike nema. Yanzu."

"Ai ya rufe ƙofar, wai iska na damun sa."

Ƙarar cokalin ta tsaya. Aka ja kujera. Sai wata murya ta matso, a sake, har da 'yar dariya a ciki.

"Yaya ne? Kawo in gaishe shi." Numfashi ya cika wayar. "Yaya, ina wuni? Ya aiki? Inna ta ce abin naka ya samu matsala. Kada ka wahalar da kanka da doguwar tafiya, ni ina nan."

Layin ya katse. Injiniya ya sake kira, aka ce wayar a kashe take.