Katakon da Ya Saki

A filin ƙwallon kwando, ƙarƙashin kwandon da ke ɓangaren ƙofa, akwai wani katako da ya saki. Mai nauyi in ya taka shi sai ya yi ƙara, ƙiiƙ. Shekara tara wannan ƙarar ce maganar da ke tsakanin Allura da Rumbu. Allura shi ne mai raba ƙwallo a ƙungiyar, ɗan siriri, ga kaifin ido. Rumbu kuwa ƙato ne da sai ya sunkuya yake shiga ɗakin canja kaya, kuma sunan ya bi shi ne don duk abin da aka zuba masa ba ya ɓata. Bai taɓa ɗaga hannu ya roƙi ƙwallo ba. In ya samu wurin tsayawa sai ya danna katakon nan da diddige sau biyu, Allura ya jefa ko bai waiwaya ba, a rubuta maki biyu. Rumbu yayan matar Allura ne ma, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka a fili da gida duk Yaya yake ce masa.

Sai aka kawo sabon koci, mutum mai kwamfuta a hamata kamar da ita aka haife shi. Lissafinsa ɗaya ne: jifar maki uku ta fi ta maki biyu. A jefa daga nesa, a bar tsakiya fili, ƙato a gindin kwando tare hanya kawai yake yi. Wata safiya ya kira Allura ofis ya tura ƙofa.

"Kyaftin, kai ka fi kowa sanin Rumbu. Tsakani da Allah, muna buƙatarsa?"

Allura ya dubi takardar sabon kwantiraginsa da ke kan tebur, ba a sa mata hannu ba tukuna. Ya ce, "Gaskiya Koci, ƙafarsa ta yi nauyi. Za mu iya ba shi."

Abin da ya faɗa ke nan, kuma bai faɗa wa kowa ba. Aka sallami Rumbu ya koma aikin lodi a wani sito. Wata biyar bayan haka ya ajiye kwali, ya ce bari ya ɗan zauna, bai sake tashi ba. Likita ya ce zuciya ce, kuma da ma tana nan tun tuni. Allura ya ji bayanin, amma bai rage masa komai ba.

Kada a yi wa koci ƙarya, tsarinsa ya ci wasanni. Ranar da hannun 'yan jifa ya yi daɗi, sai ka ga ana ta ruwan maki uku. Ranar da ya ƙi kuwa, mutum biyar ne ke zagaye layi suna miƙa wa juna ƙwallo kamar ta yi zafi, ba wanda za a jingina da shi a ciki. A irin waɗannan ranaku Allura ya fara jin ƙarar. Ƙiiƙ, ƙiiƙ. Kafin kansa ya yi tunani hannu ya riga ya saki, ƙwallo ta bi ta wurin da babu kowa ta fice.

'Yan wasa suka mai da abin zolaya. "Kyaftin, wa ka ba? Iska ce ta shigo canji?" Ya yi dariya tare da su. Da kansa ya nemo kafinta, ya tsaya a kansa har ya buga ƙusa shida a katakon. Kafinta ya hau ya yi tsalle, shiru kake ji. Washegari a atisaye, tsakar rana, fitilu duk a kunne, Allura ya sake jin ƙarar, ya sake jefawa. A nan tsoro ya kama shi sosai, don ya gane ba a katako ƙarar take ba.

Koci ya ja shi gefe. "Ka ji ni da kyau. Ka ƙara jefa wa fatalwa ƙwallo a wasan Asabar, ka kwashe takalmanka. Ba ni da wurin mai gane-gane."

Ranar Asabar ana gabansu da maki ɗaya, saura daƙiƙa takwas. Maki biyu kawai suke nema. An manne wa 'yan jifa huɗun nan a bakin layi, tsakiya kuma wayam, Allura kansa in ya kutsa zai iya sawa. Ya ga hanyar sarai, har ya ɗaga ƙafa. Sai ƙiiƙ, ƙiiƙ, a hankali, yadda aka saba. Bai taɓa jefa mai kyau irin wannan ba. Ta ratsa tsakanin mutum biyu, ta tashi daidai ƙirjin dogon mutum, ta faɗi, ta gangara har gindin ƙofa. Koci ko tsawa bai yi ba, kwamfutarsa ya rufe.

Da la'asar Allura ya shiga gida da jakar takalma. Matarsa na ninke wanki a kan gado. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya faɗa mata komai, har da abin da ya ce a ofis, kalma bayan kalma.

Ba ta daina ninkewa ba. "Na sani, Baban yara. Kocin ne ya gaya wa Yaya a ranar, wai ai ko surukinka ya ce ka yi nauyi."

"Ya sani? Wata biyar yana zuwa nan muna cin abinci kwano ɗaya?"

"Ya hana ni yi maka maganar. Cewa ya yi in ƙyale ka, kana da yara." Ta ɗora riga a kan 'yan'uwanta ta shafe ta. "Abu ɗaya dai ya dame shi. Ya ce kai ba ka duba kafin ka jefa, wa zai riƙa kama maka?"