Akwatin Maɗaci a Ɗakin Sumaiya

Malam Nagoda kafinta ya yi wa rabin amaren Tudun Wada gado, amma da bikin 'yarsa Sumaiya ya taso, sai ƙanwarsa Rakiya ta ce ai yanzu kayan waje ake yayi. Ta haɗa kai da dangin uwa, aka je Kano aka lodo gado da kujeru da madubi, duk a cikin leda. Ko kujerar tsakar gida ba a ce ya yi ba. Da yake mutum ne mai jin kansa, abin ya ci masa rai ƙwarai. 'Yarsa ta fari za ta tare a unguwar Hanwa, a ɗakin da babu ko ƙusa ɗaya da ya buga.

Ita kuwa Sumaiya ba gado ne a gabanta ba. Tun tana karatun kwamfuta take buga gem, wajen gasar ƙwallon kwamfuta ma suka haɗu da angon, Sharfaddeen. Shi ya ce zai sa mata akwatin gem sabo fil a lefe, irin wanda ake jonawa da talabijin kawai a hau wasa. Ta ce a'a, ya sayo mata kayan cikin kwamfuta, ita za ta haɗa abarta da hannunta.

Ranar da aka buɗe lefe Rakiya ta kama haɓa. "Fankoki da wayoyi a cikin lefe? Ke Sumaiya, an ba ki abu a gyare, kin zaɓi wahala!"

"Goggo, wancan yadda ya zo haka zai tsufa," in ji Sumaiya. "Wannan kuwa in wani abu ya gaza, sai in cire in sa wani."

Washegari ta samu mahaifinta a shago yana goge katako. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, kayan ciki sun zo, saura akwatin da za su zauna. Na hana shi sayowa."

"Ba a sayarwa ne?"

"Ana sayarwa. Naka nake so."

Malam Nagoda ya juya baya kamar yana neman abin awo, alhali yana rataye a wuyansa. Da ta tafi ya jawo katakon maɗacin da ya daɗe da ɓoyewa don gadonta.

Ya zuba basira kuwa. Ya haɗa akwati gam, kusurwa ta kama kusurwa, ya kawo gida yana cika baki cewa ko iska ba za ta samu hanyar shiga ba. Sumaiya ta jera kayanta ciki, ta kunna, 'yan wasa suka fito fili. Ba a je ko'ina ba allon ya ɗauke ɗif. Ta dafa akwatin, ta janye hannu da sauri.

"Baba, ta shaƙe. Iska take so."

Ran malam ya ɓaci. "Tun ina saurayi nake koyon toshe kafa, yau ki ce in huda aikina?"

"To ba komai," ta ce a hankali. "Sai in sayo na ƙarfe."

Wannan maganar ce ta fi yi masa zafi. Ya ɗauke akwatinsa ya koma shago. Amma Nagoda ba mutumin da zai yi huji barkatai kamar rariya ba ne. Ya ɗauki kurfi ya sassaƙa zanen da ke bangon zauren gidansu na cikin birni, inda aka haife shi, kowane lanƙwasa ya zama mashigar iska. Da aka sake kunnawa, hasken fankokin ya riƙa fitowa ta cikin zanen, akwati kuma sanyi ƙalau.

Ranar jere maza ba sa zuwa, saboda haka yana shago bayan la'asar sai ga Rakiya ta sauko daga keke, mayafi a kafaɗa.

"Yaya, ka ja mini magana! Na tura akwatin nan naka lungu na rufe da zane, sai ƙanwar ango ta yaye ta jona. Wallahi mata suka bar gadon nan suka yi masa caa. Gwaggon ango har da tambaya wai daga wace ƙasa aka kawo shi."

"Me kika ce?"

"Na ce wace ƙasa? Yayana ne ya yi, uwa ɗaya uba ɗaya, nan Tudun Wada!" Ta ɗan sassauta murya. "Bikin 'yata Bahijja ma yana tafe, ka san za a buƙaci gado."

"Ai kayan waje ake yayi," in ji shi, bai ko ɗago ba. Can ya kasa daurewa. "A ina kuka ajiye shi?"

"A falo, yana kallon ƙofa. Duk wanda ya shiga ɗakin Sumaiya, aikinka zai fara gani."

Malam Nagoda ya sunkuya ya ci gaba da goge katakon da ya riga ya yi sumul, yana murmushin da ya kasa ɓoyewa.