Kujerar da Aka Ja Baya

"Kai ne! Kai mai gilashin nan, kada ka juya mini ƙeya. Kai ka kusa kashe mini ɗa, alhali ko yatsa ba ka ɗora masa ba."

Inna ce tsaye a tsakiyar barandar asibitin, mayafinta ya zame zuwa ƙugu, yatsanta na bin ƙaramin likitan. Shi ko ya ƙara sauri, ya shige wata ƙofa ya rufo. Babbar 'yarta ta kama gefen zanenta.

"Inna, don Allah ki rufa mana asiri."

"Asirin yana can ɗaure a gado. Sake ni!"

Auta ake nufi, ɗanta mai gyaran keken ɗinki. Bayan rasuwar ubansa kansa ya taɓu, ya daina barci, yana hira da mutanen da babu su. Aka ɗora shi kan magani ya dawo daidai, ya koma shagonsa, teloli na layi a ƙofarsa. Ƙwayar nan kullum tana aljihunsa, ba ya ɓoye ta.

Ranar da ciki ya murɗe shi, Inna ce ta kawo shi yana tafe a duƙe. A ɗakin likita akwai kujerar mara lafiya dab da tebur, nan ya zauna. Nas ta tambaya ko yana shan wani magani. Auta, da yake ba ya ƙarya, ya zaro kwalin ya miƙa. Ta karanta, ta kalli likita, likita ya kalle ta. Sai ta ce ya ɗan tashi, ta ja kujerar ƙiii har bakin ƙofa, ta bar ƙofar a buɗe, ta yafito maigadi ya tsaya a waje.

Daga nan likita bai ƙara yi wa Auta magana ba, Inna yake tambaya. Yana barci? Yana dukan mutane? Auta na cewa, "Likita, nan ne, nan ƙasa ta dama," shi kuwa yana rubutu. Ya ce irinsu sukan ji ciwon da babu shi, a koma gida ya ci gaba da shan ƙwayarsa.

Suka koma. Wani ɗan hanji ya ruɓe ya fashe a cikinsa. A kwance aka dawo da shi, aka wuce da shi tiyata.

To, an yi aikin, Inna ta ce an wuce wurin. Sai ga shi tun jiya jikinsa ya ɗau zafi, yana kai hannu wajen ɗinkin yana cewa wuta ce a ciki. Sai suka ɗaure masa hannuwa da bandeji a jikin ƙarfen gado, wai ciwonsa ne ya motsa. Ita kuwa ta sunkuya ta shinshina. Tana jin wari yana fitowa ta ƙarƙashin audugar. Ta faɗa wa nas ta safe, ta ce sai likita ya zo. Likita ya zo ya tsaya daga ƙafar gado, hannayensa cikin aljihu, ya wuce.

Shi ya sa ta ɗaga murya a baranda, kuma ihun ya yi rana, don ba a jima ba aka zo aka ce babban likita na son ganinta.

Ofishinsa sanyi ƙalau, shi kuma dattijo ne mai taushin murya. Taushin nan ne bai kwanta mata ba, ruwa ba ya tsami banza. Ƙaramin likitan na tsaye jikin taga yana goge gilashinsa.

"Sannu Mama, zauna. A kawo miki ruwa?"

"Me za a sa a ciki?"

Ya yi 'yar dariya. "Ruwa ne kawai."

"Na ƙoshi."

Ya ce ya ji duk abin da ya faru, ya kuma tambayi abokin aikinsa, shi kuma ya tabbatar masa cewa a ranar farko ya duba cikin yaron, bai ji komai ba.

Inna ta juya ta auna ƙaramin likitan tun daga kafaɗa har yatsu.

"Ɗan nan, miƙo hannunka in gani."

"Na'am?"

"Miƙo shi. So nake in ga hannun da ke tashi daga bayan tebur ya kai bakin ƙofa ya latsa cikin mutum. Ko igiyar guga ce da kai?"

Babbar 'yarta, da ta biyo ta ciki, ta rufe baki da mayafi. Ƙaramin likitan ya mayar da gilashinsa, ya ce marasa lafiya sun yi yawa ranar, ba zai iya tuna inda kowa ya zauna ba.

"Ni ina da guda ɗaya, na tuna."

"Mama," in ji babban, a hankali, kamar mai lallashin yaro, "ke kanki kina samun barci kwanakin nan? Wani lokaci damuwa kan sa mutum ya ga kamar kowa na gaba da shi. A danginku akwai wanda ya taɓa..."

Bai ƙarasa ba ta ga idonsa ya ɗan gifta ta bayanta. Ta waiwaya. Ƙofar da aka rufe da ta shigo yanzu a buɗe take, ga inuwar maigadi a ƙasa. Sai a lokacin ta dubi inda aka zaunar da ita: tsakaninta da teburin, akuya za ta kwanta ta miƙe ƙafa. Ga ma sawun ƙafafun kujerar a kan kafet, can gaba, inda kujerar ke zama kullum.

Ashe har an gama mata nata awon.

Ta miƙe. Maigadi ya sako ƙafa ɗaya ciki. Ta kama kujerar da hannu biyu ta ja ta gaba, ta dasa ta cikin sawunta, ta ƙara turawa har gwiwoyinta suka bugi katakon teburin. Ta zauna, ta shimfiɗa tafukanta a kan takardunsa.

"Ga ni kusa, ban ciji kowa ba. In haukan ne, a nonona ya sha, na ji. To mahaukaci ba shi da hanji ne? Yanzu ɗayanku zai tashi ya bi ni, ya kwance yaron nan, ya ɗaga audugar da hannunsa, ya sa hancinsa inda na sa nawa. In mun dawo kuma, a kira mini nas ɗin nan ta ranar farko ta tsaya kusa da mai gilashi. A gabana za su faɗa: wa ya ce a ja kujerar, wa kuma ya koya musu? Ba na tashi sai na ji bakin da zai amsa."