Zuciyar Ragon Malama Zahra'u

Ni fa ba a wasa da ni a kan 'ya'yana. Shi ya sa ranar da Shamsiyya ta dawo daga makaranta da jan ƙyalle ɗaure a hannu, na tsayar da keken ɗinki na ce, "Ke, zo nan. Wannan fa?"

"Malama Zahra'u ce ta ɗaura mana, Umma. Yau ni ce jini."

"Ke ce me?"

"Jini. Gobe ƙila in zama huhu."

Ta wuce ɗaki tana dariya. Shamsiyyar da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarta! Wallahi dariyar ma sai ta ƙara ɗaure mini kai.

Malama Zahra'u sabuwar malamar kimiyya ce a makarantar kuɗi da ke bayan unguwarmu a Dutse. Wata biyu ke nan da zuwanta. An ce daga Taura take, amma duk wanda na tambaya bai san gidansu ba.

Kwana uku bayan haka na je sayen nama, Falalu mahauci ya rage murya ya ce, "Hajiya Rabi'atu, malamar 'yarki kuwa lafiya? Zuciyar rago ta saya, ita kaɗai. Na ɗauko wuƙa zan tsaga mata, ta ce kul, da jijiyoyinta take so. Na ce ga hanta mai kyau, ta ce ai ba ci za ta yi ba."

Ina dawowa na shiga wurin maƙwabciyata Yakaka, ita ma ashe tana cike. Ɗanta ya gaya mata malamar tana rubuta sunayen yara a 'yan takardu ta zuba a ƙwarya, sannan ta yi zane da toka a bayan aji, yara su riƙa zagayawa.

Jan ƙyalle, toka, sunaye a ƙwarya, ga zuciyar da ba ci za a yi ba. Haba! Ko yaro ya san ina aka dosa. Na tara mata shida muka tafi wurin mai makaranta, Alhaji Abdulkahar. Ni na yi magana. Na ce ko malamar ta tafi, ko mu kwashe yaranmu goma sha ɗaya. Ya share gumi ya ce zai duba.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, so nake in kama ta da idona. Ranar Alhamis da hantsi na zagaya ta bayan makarantar na laɓe jikin dalbejiya.

Ga zanen nan kuwa, ƙato, ɗakuna huɗu a tsakiya, hanyoyi sun fita sun dawo. Yara sun rabu gida biyu suna ihu. Malama ta zaro takarda daga ƙwarya ta ce, "Mu'az! Jini ya fito daga ɗakin dama na ƙasa, ina ya nufa?"

"Cikin kai, Malama!"

Aka kwashe da dariya, 'yan ɗaya gidan suna tsalle. Ta sake zarowa. "Shamsiyya!"

"Huhu, Malama, ya ɗauko iskar numfashi."

'Yata ta ruga da shuɗin ƙyalle zuwa wurin yara biyu da ke tsaye a matsayin huhu, suka karɓa suka ba ta ja, ta dawo ta shiga ɗakin hagu ana tafa mata.

Na ce a raina, to, zuciyar ragon fa? Sai ga malamar ta hango ni. "Umman Shamsiyya ce? Bismillah, ƙaraso."

Na ƙarasa fuska a ɗaure. Na ce, "Malama, zuciyar da kika saya wurin Falalu, me kika yi da ita?"

"Mun buɗe ta a aji, sun ga ɗakunan da idonsu. Ba mu da hoto ko ɗaya a makarantar nan, ga jarrabawa saura mako biyu. Bita muke yi." Ta juya. "Shamsiyya, nuna wa Umma hawan jini."

Shamsiyya ta sa yara biyu suka matse hanya ɗaya, masu jan ƙyalle suka cunkushe suna turereniya, mai buga tafi a matsayin zuciya ya ƙara sauri har ya fara haki. Ta ce, "Kin gani, Umma? In hanya ta ƙuntata, zuciya ce ke shan wahala. Abin da ke damun Abba ke nan."

Shekara huɗu ina raka mahaifinta asibiti, ban taɓa fahimtar ciwon nan ba sai ranar. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Ban tsaya sallama ba, na nufi ofishin Alhaji Abdulkahar. Na ce, "Alhaji, na janye. Kuskure na yi, wallahi wasa ne na karatu."

Ya dube ni ya ce, "Hajiya, na sani wasa ne. Amma magana ta cika unguwa, iyaye ashirin sun kira ni. Da safen nan na ba ta takardar sallama. Ita ta roƙa in bar ta ta ƙarasa musu bitar yau."

Na roƙa, na yi faɗa, na ce zan bi gida-gida. Na kuwa bi. Yakaka ta ce ai ni ma an shanye ni ne. Ranar Asabar malamar ta kwashe kayanta.

Da yammacin ranar Shamsiyya ta zo ta zauna kusa da keken ɗinki, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Umma, an ce wasu iyaye ne suka kai ƙararta. Ke da kika gani da idonki, don Allah ki gaya musu ƙarya suka yi mata. Kin san su waye?"

Na sunkuya ina gyara zaren da bai tsinke ba.

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Allah ya isa," ta tashi.