Ruwan Baƙi a Gidan Kalilu

Saude tana tsaye a jikin dangar da ta raba gidanta da na Kalilu sai ta ji moɗa ta karci gindin randa. Ko la'asar ba a yi ba ruwan gidan ya ƙare, ga kuma wasu baƙin suna tuɓe takalma a ƙofar zaure.

"Rahmatu!" Kalilu ya kira matarsa daga zauren. "Mutanen Alƙalawa na sunka zaka. A kawo musu ruwa."

Rahmatu ta tattara ɗan abin da ya rage a kwanon sha, ta ɗago ta dubi Saude ta saman danga kamar mai neman ceto. Saude ta zagayo, ta karɓe kwanon, ta shiga zauren da kanta. Tsohuwa ce mai jikoki, kuma taubashiyar mai gidan, don haka babu mai ce mata ina za ki. Ta gaida baƙi, ta wuce su, ta dire kwanon a gaban Kalilu.

"Wanga naka na. Shanye ina kallo."

Kalilu ya yi dariya, leɓunansa sun bushe har sun yi fari. "Kun ga taubashiyata? Tun muna ƙanana rowa ka damunta. Ko ƙuda ba shi lasar kwanonta." Baƙi suka yi dariya. Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya miƙa wa babbansu, kwanon ya zagaya hannu zuwa hannu, ya dawo wayam. Saude ta fito zuciyarta tana tafasa.

Abin da ya sa ta damu kuwa, ta san irin wuyar da aka sha kafin Kalilu ya sake zama a zauren nan. Shekaru ya yi hawan jini yana wasa da shi. Ya sha ƙwayoyi kala-kala, ya sha zoɓo ba sukari, wanzami ya yi masa ƙaho, duk a banza. Da ya faɗi a gona ne ɗansa Lawwali, mai tuƙin mota a Abuja, ya zo ya ɗauke shi. Can aka gano ashe jijiyoyin da ke kai wa ƙoda jini ne suka tsuke. Ƙoda ɗaya ta riga ta yanƙwane, ɗayar kuma tana ta sa jini ya hau don ya iso mata. Aka zura siririyar roba ta jijiyar cinyarsa har bakin ƙodar, aka hura ɗan balan-balan ya buɗe hanyar, aka bar wata 'yar ragar ƙarfe ta tokare wurin. Jini ya sauka. Mutumin da aka fitar a kwance ya dawo da ƙafarsa.

Ranar da Lawwali zai koma bakin aiki ya durƙusa a gaban Saude. "Gwaggo, ke ɗai yaka jin tsoro. Likita ya ce ƙoda guda tar rage mai, kuma cikin ƙwayoyin nan akwai mai sa hitsari. In bai sha ruwa da yawa ba cikin zahin ga, ƙodar za ta ƙone. Don Allah ki sa mai ido."

Ta ce za ta sa. Ba ta san da garin gaba ɗaya za ta yi faɗa ba.

Shekarar fari ce. An yi shuka sau biyu tana ƙonewa, gulbi ya zama rairayi, famfon unguwa ya daɗe da mutuwa. Rijiya ɗaya ta rage, ita ma sai an jira ta tara, kowane gida ya sami ɗan abin da zai jiƙa maƙoshi. Cikin wannan hali labari ya bazu cewa an yi wa Kalilu aiki ba tare da an tsaga shi ba, kuma ya tashi. Sai jama'a suka yi ta kwararowa barka da arziki, daga Kurawa, daga Unguwar Lalle, har daga Sabon Birni. Kowa ya tako a rana, kowa ya iso da ƙishirwa. Shi kuwa Kalilu, mutumin da ko baran makaho ya tsaya ƙofarsa sai ya sha fura, ina zai iya barin baƙo ya zauna ba a ba shi ruwa ba?

Saude ta fara da raba nata ruwan. Takan ɓoye rabin tulunta ta kai masa a gora, amma da baƙo ya yi sallama sai gorar ta bi hannu. Sai ta yi dabara. Ta je wurin Malam Almu, limamin unguwa, ta roƙe shi ya wanke allo a cikin ruwanta. Ta kai wa Kalilu tana jin ta gama da shi.

"Wanga rubutu na, da sunanka anka yi shi. Ba na baƙi na ba."

Tsautsayi, ta faɗa a gaban mutane. Wani dattijo daga Kurawa ya gyara zama ya ce, "Rubutun Malam Almu? A'a, a san muna mu taɓa albarka." Kowa ya kurɓa don albarka. Abin da ya iso ga Kalilu bai fi a wanke ido ba.

Rannan Saude ta kai bango. Da safe ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a ƙofar zaurensa, duk wanda ya zo ta ce mai gida yana barci, an gode, a sauka lafiya. Ba ta kori mutum nawa ba sai ga Wada, yayan Kalilu, yana dogara sanda.

"Saude, hauka kika yi? Tun kakanninmu ba a taɓa maida baƙo daga ƙohwar ga ba. So kika yi a sa mu bakin duniya?"

"Yaya Wada, duniyar ba ta da ƙoda guda. Ƙanenka na ad da ita."

Kalilu ya jiyo su, ya aiko a kira ta. Ta same shi a jingine, idanunsa sun faɗa. Wannan karon bai yi mata wasa ba.

"Saude, mutum ya baro gidanai tun asuba, ya tako cikin ranar ga don ya ga ko na rayu. In dube shi in sha ruwa shi yana haɗiyar miyau? Baƙonka annabinka."

"To shi annabin naka cewa yay yi ka kashe kanka? Lawwali ya kai ka har Abuja an buɗe maka jijiya, kai ka zo ka rufe ta da kunya!"

"Kwana nawa na? Za su gama zuwa, in sha in ƙoshi."

Ta fito tana kuka don haushi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu mugu a cikin maganar. Masu zuwa ƙauna ce ta kawo su, mai bayarwa mutunci ne ya sa shi, kuma ƙwayarsa mai sa fitsari kullum yana haɗiye ta a kan lokaci, don likita ya ce kada ya yi fashi. Rabin umarnin da ba ya taɓa baƙo shi ya riƙe.

Baƙi ba su gama zuwa ba fitsari ya ɗauke. Rahmatu ce ta raɗa wa Saude, ita ma sai da kunya ta sa ta yi kwanaki tana juya maganar a baki. Kafin nan ƙafafunsa sun kumbura, shaƙuwa ta kama shi ba ta saki, yana magana yana gyangyaɗi. Aka nemo mota aka kai shi asibiti a Isa. Ma'aikatan suka auna, suka ce ƙodar ta tsaya, yanzu ko ruwan ma ba zai iya fitarwa ba, sai a hanzarta da shi Sakkwato a yi masa wankin ƙoda. Saude tana riƙe da kansa a bayan mota ya buɗe ido.

"An ba direba ruwa?" ya ce.

Ba su yi nisa da Isa ba ya cika, aka juya da motar gida.

Suna isowa Saude ta ga abin da ya tsayar da ita a bakin hanya. Labari ya riga su zuwa, kuma a garin nan ba a barin gidan mutuwa ya nemi ruwan wanka. Mata ne a jere ɗauke da tuluna da bokitai, kowane gida ya juye rabonsa na ranar ya kawo. Masu jakai sun tafi har wata fadama mai nisa sun dawo da jarkoki. Wada yana tsaye yana nuna inda za a zuba, yana cewa Allah Ya yi albarka, jama'a sun yi zumunci. An cika randa, an cika ta Saude da aka aro, har ana tambayar ina za a sa saura.

"Ashe akwai," ta ce. Ba wanda ya ji ta.

Maza suka shiga da shi bayan ɗaki suka saki zana. Saude ta koma gidanta, ta zauna a gindin danga, ta kasa kuka. Can sai ruwan wankan ya fara biyo rariya, ya ratsa ta ƙarƙashin dangar ya shigo tsakar gidanta, mai yawa, yana tafe a hankali a kan busasshiyar ƙasa. Awakinta suka taso daga inuwa suka sa baki.