Hoton Baba na Shida

Tun da ciwon kumburin tsoka ya kama babanmu, Malam Maharazu, har ɗaga buta ya gagare shi, likita ta ce irin wannan ciwon yakan taɓa huhu a ɓoye. Don haka duk wata shida za a yi masa hoton ƙirji, a gwada da na baya.

Baba bai ji komai ba sai kalmar hoto.

Duk ranar asibiti sai ya sa ni gugar shadda, ya kafa sabuwar hula, ya fesa turare har mai adaidaitan da ya ɗauko mu daga Gwammaja yana atishawa. Na yi faɗan har na gaji, cewa tuɓe shi za su yi. A cikin injin hoton ma, in an ce ya riƙe numfashi, shi murmushi yake yi.

A zuwanmu na shida likita ta jera hotunan a kwamfuta, ta daɗe tana dubawa.

"Alhamdu lillahi, Baba," ta ce. "Kusan shekara uku babu canji. Na yau da na farko duk ɗaya ne."

Na fashe da kukan murna. Baba kuwa ya ɓata rai.

"Duk ɗaya? Haba Likita! Hula shida na sauya! Tashi mu tafi, Nafisa, mai hoton Ƙofar Wambai ya fi su iya aiki."